Rigar Aikin Auta

Sau uku ina farke ɗinkin rigar nan ina ƙara mata faɗi, kuma duk lokacin da na ɗauki reza sai na tsine wa wani a zuciyata.

Shekara bakwai ke nan da aka ɗauki Auta, ƙaramar 'yata, aikin duba tikiti a sabon filin jirgin sama. Aka horar da su wata shida, aka ba su shuɗiyar riga mai maɓallan ƙarfe, aka sa suka sa hannu cewa duk wanda ya karɓi wani aiki an soke sunansa. Sau biyu wata makaranta tana nemanta koyarwa, sau biyu ina hana ta. Ni da bakina na ce ta yi haƙuri, aikin filin jirgi ba abin yarwa ba ne.

Filin kuwa, katanga ce da tulin yashi da wata hasumiya marar rufi. Kowace shekara kakakin hukumar ginin zai fito a rediyo, murya kamar an shafa mata mai, ya ce kuɗin aikin ya ƙaru. Wata shekarar siminti ne, wata shekarar ruwan sama, kamar bana aka fara yin sa. Akwai lokacin da ya ce masana sun gano titin jirgin bai fuskanci iska daidai ba. Bayan kowace sanarwa sai a kira su Auta su jeru cikin rigunansu a bayan manya, a ɗauki hoto, a sallame su. A tsakani ta yi aure ta haihu, ni kuma ina ta buɗa riga.

Ranar Laraba da hantsi ta kawo mini ita shago karo na huɗu.

"Baba, ka taimaka, gobe akwai taro. Ta hammata take kama ni."

Na juya rigar na duba. Ba sauran yadi a cikin ɗinkin, ko na faɗin farce. Ina neman yadda zan gaya mata, sai maƙwabcina mai gyaran agogo ya ƙara muryar rediyonsa.

"Tela, mutuminka ya fito! Bari mu ji me ya yi tsada bana."

Kuɗin ya ninka, in ji kakakin. Cikin dalilan har da horar da sababbin ma'aikata 'yan ƙasa da shekara ashirin da takwas, domin na farko shekarunsu sun wuce ƙa'ida. Amma ana gayyatarsu gobe, cikin rigunansu, a yi musu godiya.

Auta shekararta talatin da ɗaya.

Na miƙe har na ture kujera. "Godiya? Wa ya tsofar da su? Ɓarayin banza, marasa kunya! Wallahi gobe da ƙafata zan je!"

"Ka je ka gaya wa wa, Baba? Katanga?"

Mai agogo ya kashe rediyon. Na tsaya ina huci, ina jira ta tuna mini maganar makarantar nan. Da ta faɗa, da na sami sauƙi. Ba ta faɗa ba. Ta ɗauki almakashina ta miƙo mini.

"Yanka wa jikarka rigar makaranta da ita, tasu ma shuɗiya ce. Yadin yana da kyau, Baba. Ko sau ɗaya ba a yi aiki da shi ba."