Rabin Bangon Mahaifa

...kuma ai ba ta tambaye su rabin me ba. Lantana tana zaune a tsakar gida a Dandamisa, tana tsince barkono, ɗinkin cikinta yana ja in ta sunkuya. Rabi. Haka likitan Zariya ya nuna da yatsu biyu bayan sun cire mahaifar: kaurin bangonta ke nan. In ciwon dajin bai ci rabin bangon ba, ana sa rai. In ya wuce...

Wannan barkonon ya ruɓe. Gefe.

Jini ne ya fara — ita da ta daina al'ada tun kafin Turawa su sauke tutarsu. Abin da ya dame ta a lokacin salla ce kawai. Ta yi ko ta bari? Ta aika Hajo ƙanwarta ta tambayo Malam Datti, ya ce ta yi alwala ta yi sallarta, wannan jinin ciwo ne. Ciwo. Shi ya fara faɗa, ba likita ba.

Abu biyu suke dubawa, in ji Ja'afaru, ɗanta, da ya yi mata tafinta. Zurfin, da kamannin naman a madubinsu — wai akwai mai ladabi, akwai wanda ya fita kamanninsa. Nama ma da hali? To nata wanne ne?

Likitan ya daɗe yana magana. Ya daɗe ƙwarai, har da taɓa gefen mararsa. Ja'afaru yana kallon ƙasa, sannan ya ɗago: "Inna, ya ce da sauƙi."

Duk wannan Turancin, da sauƙi kawai?

Kaza ta shiga barkono. Bari ta ci, ba ta da ƙarfin kora.

Da sauƙi... Amma Hajo ta baro garin Kudan da akuyarta, da tukunyarta, ana tsakar girbi. Wa ke kawo akuya dubiya? Bilki, matar Ja'afaru, ta daina yi mata musu kan gishiri. Ɗakin da aka ce za a yi wa sabon rufi bayan kaka, an hau shi tun yanzu.

Ga Ja'afaru nan ya shigo daga kasuwar Makarfi, ya durƙusa, ya ajiye ƙunshi a gabanta. Goro. Fari, manya. Shi da ya hana ta goro saboda zuciyarta, har ya ɓoye mata a aljihu...

Tana juya ɗaya a tafin hannu. Bai ɗago ido ba. Ta tambaye shi? In ta tambaya zai faɗa — yaron bai iya ƙarya sau biyu ba.

Ta ɓare goron. Ba ta kai baki ba tukuna.