Wanda Ya Shiga Ruwa

Bitrus yana cikin goge filogi da tsumma sai Zaharaddeen mai shayi ya tsallako daga rumfarsa ya ce masa yau ne addu'ar uku ta Ibrahim, saurayin da ya nutse a hatsarin jirgi, kuma in da shi ne, da ya yi zamansa.

"Don mi?"

"Tsohuwar, uwarsa, tana ta ambaton sunanka. Kuma ba ambaton alheri ba."

Bitrus ya hura filogin, ya ɗaga shi sama ya duba. Aikinsa ke nan a bakin ruwan Wara, gyaran injin jirgi. Babu wanda ya taɓa ɗora masa aikin ceto. Wannan na Sarkin Ruwa ne da mutanensa, kuma ranar kasuwar da abin ya faru duk suna can tsallake wajen rikicin tarun kamun kifi. Jirgin ya taso maƙil da buhunan albasa da babura da mutane, ya daki wani kututture da ke ƙarƙashin ruwa daf da gaɓa, ya kife. Bakin ruwa cike yake da maza. Aka yi salati, aka yi ihu, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Bitrus ya faɗa ruwa da takalminsa, wayarsa na aljihu. Ya fiddo wata Bafulatana mai sayar da nono. Ya koma ya fiddo wata mata da goyo. Ya koma ya fiddo wani tsohon ɗan kasuwa wanda ya kusa shaƙe shi har lahira. Da ya juya neman Ibrahim, ruwa ya riga ya rufe. Sai washegari aka samo gawar.

Ibrahim ne na farkon da ya tarar a cikin ruwan. Wuce shi ya yi. Jama'a sun gani, wayoyi ma sun ɗauka.

"Zaharaddeen, kai kana ina ran nan?"

"Ina nan tsaye kusa da teburina. Na ga komai."

"An ambaci sunanka?"

"Ni? Mi na yi?"

Zaharaddeen ya zauna a kan bencin masu jiran gyara. Ya yi karatun littattafai kafin ya kama shayi, kuma yana son a san da haka. Ya ce, "Bari in gaya maka yadda abin yake a wajenmu. Ceton wanda zai nutse farilla ce a kan duk wanda ke wurin. Amma in mutum guda ya tashi ya yi, to ya sauke wa sauran."

"Wato na sauke maku."

"Ka sauke mana, Allah ya saka da alheri."

"Ko da Kirista ne ya shiga?"

Zaharaddeen ya sosa gemu. "Wannan sai na tambayi Liman."

"To ni kaina, dole ne a kaina?"

"In kana tsoron halaka, ba dole ba ne. Ya zama kamar nafila. Sai dai fa, nafila irin ta azumi ko salla, in ka fara ta, ba ka da ikon yanke ta a tsakiya."

"Wanda bai fara ba hwa?"

"Shi babu komai a kansa."

Bitrus ya mayar da filogin cikin injin ya ɗaure. Ya daɗe yana juya maganar, bai samu inda ta ɓalle ba. Ko a coci, fasto ya sa an tafa masa, sannan bayan an tashi ya ja shi gefe ya tambaye shi a hankali ko da gaske ne yaron ya kira sunansa.

Da safen nan matarsa Susan ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ce ya kwashe kayansa ya koma tashar mota, ya gyara janareto da babura kamar kowa. Ta ce wanda bai gani ba, ba a tambayarsa. Ta ce 'ya'yansa ba su da wani uban a ajiye. Ya ce zai ba ta amsa da yamma.

Ya wanke hannu da fetur, ya sake wankewa da omo, ya sauya riga.

"Ina zuwa?" in ji Zaharaddeen.

"Gaisuwa."

"To jira ni in rufe tukunya. Ni ma ban je ba."

Gidan yana ƙarshen gari, unguwar Gungawa, ƙabilar da aka sani da iya ruwa. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiya, an riga an shafa fatiha, ana raba gumba. Bitrus ya san yawancin fuskokin. Mutanen bakin ruwa ne, masu lodi, masu kifi, masu cajin waya. Kowanne ya zo ya durƙusa ya ce Allah ya jiƙan rai, an ce masa an gode, Allah ya ba da lada, ya samu wuri ya zauna. Haka aka yi wa Zaharaddeen, har aka matsa masa a inuwa.

Da Bitrus ya durƙusa, hira ta tsaya. Kawun mamacin ya amsa gaisuwar yana kallon tabarma. Mai rabon gumba ya zo daidai kansa, ya yi jim, ya wuce. Can sai wata mata ta leƙo daga cikin gida ta ce Inna Tamada, uwar mamacin, na kiran mai gyaran inji.

A zaure ya same ta, zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, fuskarta a bushe, ba alamar ta yi kuka yau. Ya cire takalmi ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Inna, ya haƙuri?"

"Kai ne Bitrus."

"Ni ne."

"An nuna mani a waya. Ban so gani ba, aka nuna mani. Ka zo dab da shi. Hannunka da nashi kamar nan da nan." Ta nuna tsakanin gwiwarta da bango. "Sai ka karkata ka tahi wajen Bahillata. 'Yar'uwarka ce?"

"A'a."

"Ka san ta?"

"Ban san ta ba."

"Shi ka san shi?"

"Na san shi. Na san babansa ma."

"To don mi ka wuce shi?"

Tun ranar yake shirya amsoshi. Akwai mai tsawo, wadda ta fara da cewa ba aikinsa ba ne, ta bi ta kan mazan da ke zaune a waje suna cin gumba, ta ƙare da wayarsa da ta lalace. Yana ganin duk gaskiya ce. Sai ya ji gajeriyar ta fito.

"Inna, ɗan Gungawa ne. Na ɗauka ya iya ruwa."

Ya ci gaba.

"Da na gan shi sai na ce a raina, wanga nashi mai sauƙi ne, zai kai gaɓa kafin ni. Har na yi tsammanin zai kama mani ɗaya. Wa ya taɓa jin an ceci Bagunge a ruwa? Ku ke ceton mu."

Inna Tamada ta gyara bakin zanenta a kan ƙafa, ta sake gyarawa. A waje wani ya yi dariya, aka tsawata masa.

"Bai iya ba," ta ce. "Ni na hana shi. Ruwan ga ya ci ubanshi yana goye. Na rantse ba zai san shi ba. Ko wanka ya bi yara, sai na zane shi. Da ya isa makaranta na kai shi Kontagora wajen ƙanena, inda babu ruwa sai na rijiya. Tela ya zama. Ɗinki ya kai wa masu biki a tsallake."

Bitrus ya kalli ƙasa. Tururuwa na jan guntun gumba zuwa gindin bango.

"Ba wanda ya sani?" ya ce.

"Wa zai faɗa? Abin kunya ne."

Ya yi zaton yanzu za ta ce ta yafe, ko ta ce shi ya yafe mata, ya rasa wanne ya fi tsoro. Ba ta ce ko ɗaya ba.

"Waɗancan na waje," ta ce, "duk sun zo sun ce ƙaddara. Ba abin da zan tambaye su, daga nesa suka gani. Kai kaɗai ka je kusa. An ce ya yi magana."

"Ya yi."

"Mi ya ce?"

"Ya ce, Baba Bitrus."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Na ce masa, kama gaɓa, ina zuwa."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani. "Da ka ɗauke shi, Bahillatar za ta mutu?"

"Ina jin haka."

"Da uwarta ce ke zaune nan."

"Da ita ce."

"To ban yafe ba tukuna," ta ce. "Ban san wa zan yafe wa ba. Tashi ka tahi." Har ya sa takalmi ta ɗaga murya zuwa cikin gida: "Ke Rahamatu! An ba shi gumba kuwa?"

Ya fito da dunƙulen gumba a hannu. Zaharaddeen ya biyo shi yana tambayar me ta ce. Ya ce ta ce a ba shi gumba.

La'asar ta yi lokacin da suka isa bakin ruwa. Bitrus ya tsaya a gaban rumfarsa yana duba abin da zai kwashe: akwatin sifanoni, farfela biyu, benci, kwanon rufi. Amalanke ɗaya ya isa. A tashar mota akwai wuri kusa da mai faci, kuma daga can ba a hango ruwa. Babu wanda zai ce ya yi laifi. Ya bi maganar ta kowace fuska, bai ga ta inda za a kama shi ba.

A ƙasa ana lodin jirgin yamma. Buhunan gishiri, katifa, awaki, mata da kwanuka. Ruwa ya kusa taɓa leɓen jirgin. Wani mai babur ya iso a makare yana roƙo a sa shi. Direban jirgin ya ƙi, ya ce ba ka ga abin da ya faru ran kasuwa ba? Sai ya ɗaga kai ya hango rumfar gyara, ya hango mai ita a tsaye.

"To, ɗora shi a tsakiya," ya ce. "Ai Bitrus na nan."

Aka ɗora babur ɗin. Wata mata da ta fasa shiga ta dawo ta shiga.

Bitrus ya zauna a benci. Ya jawo injin da bai gama ba, ya ɗauki sifana. Can ya ajiye ta. Ya zaro tsohuwar wayar da Susan ta ara masa daga aljihu ya ɗora a kan akwati. Ya sunkuya ya cire takalmansa, ya jera su a ƙarƙashin benci. Sannan ya sake ɗaukar sifanar, ya gyara zama yadda zai riƙa ganin ruwa.

Zaharaddeen ya leƙo daga rumfarsa, ya ga takalman.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya koma ya hura wutar shayinsa.