Abin da Dogo Ya Faɗa a Bakin Inji

Kaset ɗin ya sake maƙalewa, Baba Masaƙi kuwa numfashinsa sai sama yake yi. Wallahi ji na yi kamar in rotsa bidiyon nan da ƙasa. Sai da na zaga unguwa kaf kafin na samo shi cikin tarkacen mai gyaran rediyo, yana mini dariya wai ko gidan tarihi zan buɗe.

Baba maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ƙurar auduga ta cinye masa huhu, ƙarar injuna ta kashe masa kunne. Fim ɗin tsohon abu ne da kowa ya manta, labarin uba da ɗa masu rigima, kuma a masaƙar su Baba aka ɗauke shi. A bayan 'yan wasan, cikin ma'aikata na gaske, akwai ɗansa Dogo.

Lokacin Baba da Dogo ba sa ga maciji. Dogo na cikin masu shirya yajin aiki, Baba ya ce ba da shi ba, har ya ce kada yaron ya ƙara kiransa uba. Aka kori Dogo, ya bar gari, sai labarin mutuwarsa aka ji. Ko hotonsa babu. Baba ya kulle kaset ɗin a akwati, bai taɓa iya kallo ba, sai yau da ya riƙe mini hannu yana roƙo.

Na zaro zaren kaset ɗin da tsinke, na naɗe shi da biro. Hoto ya dawo yana tsalle.

"Koma baya, 'yata," in ji Baba.

Ga Dogo a bakin injinsa, ga Baba ya ba shi baya. Bakin Dogo ya motsa, ba a jin komai sai ƙara. Ma'aikatan masaƙa da leɓe suke magana, ni kuwa ban iya ba.

"Me ya ce, Baba?"

Ya daɗe kafin ya samu iska. "Cewa ya yi, 'Baba, ka ci abinci?' Ni kuma ban juyo ba."

Kuka ya ƙwace mini. Ya yi mini alama in sake mayarwa, na mayar. Wannan karon ya ɗago kai daga matashi, leɓensa ya motsa babu murya. Ko ni da ban iya ba na karanta: "Na ci."

Da na rufe masa ido, injunan suna ta gudu a talabijin, Dogo ya sunkuya yana ɗaure zare.