Abin da Ta Goge

Ranar Talata da hantsi faifan sabar asibitin, babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan marasa lafiya, ya cika, komai ya tsaya.

Mai kula da sabar, wanda ma'aikata ke kira Malam Littafi saboda ba a raba shi da karatu, bai yi mamaki ba. Wata shida yana rubuta wa manaja takarda a sayo sabon faifai. Manaja ya sayi labule.

Yanzu ga manajan tsaye a kansa cikin ɗakin sanyi, gaban injin da fitilarsa ta koma ja.

"Malam, layi ya kai bakin titi, an kasa buɗe katin kowa. Share wani abu."

"Me zan share, ranka ya daɗe? Labulen?"

"Kai dai ba ka rabo da baƙar magana. Wannan ƙaton fa?" Ya dangwala yatsa a allo. "Gigabait arba'in. Na mene ne?"

Tsohon kundin sawu ne, inda ma'ajiyar bayanai ke rubuta duk abin da aka shigar da duk abin da aka goge. Tun shekara uku ya kamata a share shi. Tun tuni Malam ya zubar da tsofaffin hotuna, ya matse fayiloli, ya rage kwafin ajiya daga bakwai zuwa biyu, duk don kada a taɓa shi.

Marigayiya matarsa ce ke shigar da sunayen marasa lafiya a wurin yankar kati. Wata rana a taron ma'aikata Malam ya tashi ya zazzaga faɗa: akwai mai rubutu a gurbin ƙarin bayani na katin marasa lafiya yana gogewa, yana kumbura masa fayil, sabar ba allon yara ba ce. Tana zaune a layi na biyu tana kallon farcenta. Daga ranar aka daina.

Sai bayan rasuwarta ya buɗe kundin. "Malam Littafi, ka karya kuwa?" An goge. "Maɓallin rigarka na biyu ya kusa cirewa." An goge. Shekara huɗu tana yi, a zatonta mutumin da ke karanta komai yana karanta wannan ma.

"Bari in kwafe shi wani wuri tukuna," ya ce.

"Ina? Ba kai ka toshe ramukan saka filashi, ka hana shigowa da waya ba? Bayanan marasa lafiya ba sa fita daga ɗakin nan. Dokarka ce, da sa hannunka."

Haka ne. Doka ce mai kyau, har yabo ya sha a kanta.

Ta bango yana jiyo tarin wata tsohuwa da ke jira a layi. Ya rubuta umarnin sharewa, ya duba sau biyu yadda ya saba, ya danna. Ko daƙiƙa uku abin bai ɗauka ba. Fitila ta koma koriya.

"Ka gani? Abu mai sauƙi kake ja," in ji manaja, ya fice.

Malam Littafi ya buɗe sabon kati, ya gangara gurbin ƙarin bayani, ya rubuta layi ɗaya da ba zai adana ba, don kada fayil ya kumbura:

"Ban karya ba. Amma na karanta, duka."