Ba Ta Taɓa Aiki Ba

Mama ta rasu ranar Talata, cikin watan Yuli na 2006, tana tsaka da tuƙa tuwo. Baba yana falo, bai san ta faɗi ba sai da ƙaurin tukunya ya ishe shi. Likita ya ce hawan jini ne. Sunanta Tabitha, shekarunta hamsin da takwas, talatin da shida daga ciki ta yi su ne a gidanmu na Hayin Dogo a Samaru.

Ni ce Edith, autarta. Ina koyarwa a wata sakandare a Kaduna. Mu biyu ta haifa da suka rayu, ni da yayana Felix.

An sa jana'iza ranar Asabar. Ranar Alhamis Baba ya aike ni Sabon Gari wurin Oga Julius, mai shagon buga takardu a bayan kasuwa, in duba ɗan littafin da za a raba wa mutane a coci kafin a buga shi da yawa. Na hau acaɓa na tafi. Oga Julius ya yi mini gaisuwa, ya ba ni kujera, ya miƙo samfurin.

Hoton bango na fara gani. An yanko shi ne daga hoton ranar da Baba ya yi ritaya daga jami'a. Rabin kafaɗar Baba da hannun babbar rigarsa suna nan a jikin Mama. Na buɗe ciki. Tarihin marigayiya shafi uku ne. Shafi na farko ya ce ta auri Dattijo Gregory. Daga nan aka shiga bayanin Dattijo Gregory: inda ya yi karatu, shekarar da ya zama babban akawu, kwas ɗin da ya je a Ibadan, kwamitocin coci da ya shugabanta. A can ƙasan shafi na uku aka dawo kanta da layi biyu: "Marigayiya ba ta taɓa aiki ba. Ta zauna a gida cikin biyayya ga mijinta har Ubangiji ya kira ta."

Sau uku na karanta.

"Madam, lafiya?" in ji Oga Julius. "In buga?"

"Kada ka taɓa shi," na ce.

Na dawo gida na tarar da tsakar gida cike da masu gaisuwa. Na wuce su kai tsaye zuwa ɗakin Baba. Yana zaune bakin gado, Yaya Felix na nuna masa jerin waƙoƙin da za a yi.

"Baba, wa ya rubuta wannan?"

"Ni na rubuta. An yi kuskuren harafi ne?"

"Ka ce Mama ba ta taɓa aiki ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, a wane ofis ta yi?"

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, sai ran nan. Na ce masa Kaka, uwar da ta haife shi, shekara bakwai ta yi a kwance a ɗakin can ɓarin jikinta a shanye. Wa yake juya ta? Wa yake wanke ta, ya wanke shimfiɗarta, ya ba ta kunu da cokali? 'Ya'yan ƙannensa huɗu da suka zo karatu jami'a ɗaya bayan ɗaya, a tukunyar wa suka ci har suka gama? Da rani, in famfo ya ƙafe wata biyu, wa ke tsallaka titi da bokiti a ka tun asuba don ya samu ruwan wanka mai ɗumi kafin ya tafi ofis ɗin nasa? Rigunan da ake yaba masa a coci, in an ɗauke wuta da dutsen guga na gawayi take goge su, akwai tabon ƙuna a damtsenta na hagu, na gani da idona jiya da muka je ganin gawarta.

"Kuma ta yi koyarwa," na ce. "Shekara biyu a firamare a ƙauyensu. Kai ka ce ta bari."

"Wannan ai kafin aure ne."

"Kafin aure ba mutum ba ce?"

"Edith!" Yaya Felix ya miƙe. "Mutane na jin ki a waje. Ki bari a binne ta lafiya."

"Da lafiyar aka kashe ta. Likita ya ce ta huta tun bara, wa ya bar ta ta huta?"

Yaya Felix ya ja ni waje ta ƙofar baya, wajen 'yar gonar kuɓewar Mama. Idanunsa sun yi ja.

"Ke kin bar ta ta huta?" ya ce. "Duk ƙarshen wata kina zuwa daga Kaduna da jaka cike da kayan wanki. Ki kwanta har rana ta fito, ki tashi ki tarar ta shanya. Ni ma nakan kawo mata yara uku duk hutu in tafi abina. Kada ki tsaya kina yi wa tsoho ihu kamar ke kaɗai ce mai gaskiya."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta sanyaya mini zuciya ba, ƙara hura ta ta yi. Mu uku muka zauna a kan matar nan har ta faɗi gaban murhu, yanzu kuma za mu raba wa mutum ɗari uku takarda mu ce zaman banza ta yi.

Washegari da safe na ɗauki biro na rubuta nawa. Ban yi wata gwaninta ba. Na sa sunan ƙauyensu da sunan mahaifinta, wanda babu shi ko sau ɗaya a na Baba. Na sa shekara biyun koyarwa. Na sa Kaka, da ɗalibai huɗun da sunayensu, da bokitin ruwa. Na sa cewa tana son gwate mai yakuwa da yawa, tana ƙin a taɓa mata almakashi, tana waƙa in tana tsince wake amma ta yi shiru da zarar ta ji an shigo. A ƙarshe na rubuta: "Ta yi aiki kullum, har ranar da ta mutu. Mu da ta yi wa aikin ba mu ce mata ta zauna ba." Sunan Baba ya fito sau ɗaya, a wurin da aka ce ta yi aure.

Na birkice akwatuna ina neman hotonta ita kaɗai, babu. Ko'ina tana gefe, ko da yaro a hannu, ko da faranti. Mama Happiness, shugabar Zumuntar Mata ta cocinmu, ita ta ciro mini ɗaya daga jakarta. An ɗauke shi a wani taron mata a Basawa, Mama na dariya har ana ganin wushiryarta.

Na koma shagon da hoton da rubutun. Oga Julius ya karanta, ya sosa ƙeya. "Babanki ya gani?"

"Zai gani."

Ranar Asabar cocin ya cika har waje. Ina zaune a layin gaba, Yaya Felix tsakanina da Baba. Na ga lokacin da Baba ya buɗe littafin. Ya juya shafi, ya dawo baya, ya rufe, ya ɗora a gwiwa ya danne da tafin hannu. Bai dube ni ba.

Fasto ya kira Felix ya karanta tarihin marigayiya, yadda aka tsara. Yaya ya hau, ya buɗe, sai a lokacin ya ga abin da ke ciki. Na san ya haddace na Baba, zai iya faɗarsa da ka. Ya dubi Baba, ya dubi akwatin gawa, sannan ya fara karanta nawa. Da ya kai wurin Kaka sai matan Zumunta suka fara "haka ne, haka ne" daga kujerunsu. Ɗaya daga cikin ɗalibai huɗun nan, yanzu babban mutum ne da tumbi, ya kifa kai yana kuka da ƙarfi. Yaya ya karanta layin ƙarshe, ya sauko.

A maƙabarta, bayan an rufe kabari, Baba ya matso kusa da ni.

"Kin tozarta ni a gaban ikilisiya."

"Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba, Baba."

"Uwarki ba za ta taɓa yi mini haka ba."

"Na sani," na ce.

Wata biyar bai ɗaga wayata ba. Da Kirsimeti Yaya Felix ya matsa mini na zo gida. Na tarar Baba ya aika ƙauye an kawo ƙanwarsa, Gwaggo, wadda mijinta ya rasu, mace mai shekara sittin da ciwon gwiwa. Ita ke dafawa, ita ke wanki. Muna zaune a tsakar gida ni da ita muna gyaran shinkafa, sai muryar Baba ta fito daga falo yana neman ruwan sha.

Gwaggo ta dafa ƙasa za ta tashi. Na riƙe mata hannu.

"Baba, randa na nan bakin ƙofarka," na ce da ƙarfi. "Kofi na kai."

Gwaggo ta zame hannunta daga nawa a hankali, ta ce, "Bar shi, 'yata, ba ya da kowa yanzu." Ta miƙe tana ɗingishi ta ɗebo ta kai masa.

Na gama gyaran shinkafar, na wanke duk kwanukan gidan, na cika randuna. Washegari bayan sujada a coci na je tashar Kwangila na hau motar Kaduna.