Randar da Piyalo Ta Wanke

Shekara ashirin da shida Mazalo tana dafa burkutu a garin Ketawo, kuma ko sau ɗaya sabulu bai taɓa randar da ta gada wajen uwarta ba. Ruwan dawa kawai take zubawa, dattin da ya kama cikin randar ya tayar da shi, ya yi kumfa, ya yi tsami.

Saura kwana huɗu bikin kokawa, ta dawo daga niƙa ta tarar da 'yarta Piyalo, malamar asibiti da ta zo hutu daga Lome, tana shanya randar a rana. Cikin randar fes, sai warin maganin wanke ɗakin haihuwa.

Kwanon ƙullun ya suɓuce daga kan Mazalo.

"Piyalo! Me kika yi mini?"

"Inna, ƙazanta ce fa ta kai kaurin yatsa. A hakan kuke ba mutane?"

"Ƙazanta? Hannun kakarki kika kankare!"

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta kasa ko kuka. Duk da haka ta dafa ruwan dawar, ta juye. Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, ruwan na kwance kamar na rijiya.

Dole ta taka zuwa gidan yayarta Hodalo, wadda rabon da su gaisa tun rigimar wa zai gaji randar. Kanta a sunkuye ta ce Piyalo ta wanke randar uwarsu, ta roƙi ludayi ɗaya na gindin giya don ta tayar da tata.

Hodalo ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wace randar Inna? Ke wawiya, ta Inna ni na fasa ta ranar makoki. Na ji tsoro, na sayo wata a kasuwa na shafa mata toka."

Mazalo ta ɗago kai ta dube ta.

"To... wa ya tayar da giyata ta farko?"

"Iska mana, da dawar kanta. Je ki buɗe murfin, ki bar ta ta sha iska ƙarƙashin ɗorawa."

Mazalo ta koma gida, ta ja randar zuwa ƙarƙashin ɗorawa. Ta cire murfin da kanta. Washegari da hantsi ta ji randar na tsuwa, kumfa ya taso har baki. Ta ɗebo a ƙwarya ta kurɓa, tsamin ya kama mata muƙamuƙi. Sai ta aika a kira Hodalo ta zo ta ɗanɗana.