Sunan Yaya Mastura a Gaban Alƙali

Ranar Talata aka kama Yaya Mastura a kasuwar Bab Makka da ke Jidda, tana tsaka da auna wa wata mata yadi. Wani mutum ne, Nayef, ya zo da 'yan sanda ya nuna ta da yatsa, wai ita ce 'yar aikinsa da ta gudu wata huɗu da suka wuce. Tirƙashi! Matar da aka haifa a Jidda, kakanta ma a nan aka binne shi. Laifinta dai baƙar fata da abaya, sai iƙamarta, wato takardar izinin zama, da ta mutu tun rasuwar Babanmu, takardun sabuntawa suna can ofis ana ta jan ƙafa. Suka kai ta gidan da ake tsare masu jiran a mayar da su ƙasarsu, aka ce nan da kwana goma za a sa ta a jirgi zuwa Najeriya, inda ba ta san ko kare ba.

Ni Jamilatu, ƙanwarta, na yi kuka, kada wani ya ce ban yi ba. Amma abin da na gani a wurin Inna shi ya fi tsaya mini a rai. Ni ce 'yar gaban goshi, kowa a unguwarmu ta Khumra ya sani. Ni ake tsefe wa kai, ni ake ajiye wa ƙanzo. To, sai ga Inna ta daina cin abinci. Na dafa mata shinkafa da kifi, ta ture. Na yi zazzaɓi kwana biyu, ko goshina ba ta taɓa ba. Tana zaune da ɗankwalin Yaya a cinya tana shafawa. Wallahi kishi ya kama ni, kishin wadda ke kulle, ga abin kunya.

Muka samu lauya, Hind, siririya mai saurin magana. Ta shigar da ƙara cewa an tsare mutum mai 'yanci a kan zato. Ta ce tunda takardu sun maƙale, alƙali zai saurari shaidar uwa.

"Halas, Khala," in ji ta ga Inna, wato an gama, Gwaggo, "ki faɗi sunanta, ki ce 'yarki ce. Shi ke nan."

Inna ta sunkuyar da kai, Hind ta ɗauka amincewa ce. Ni na san ba haka ba ne. Yaya Mastura 'yar fari ce, kuma Inna ta riƙe kunyar 'yar fari kamar yadda kakarmu ta zo da ita daga Kano. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kama sunanta ba, sai "ke" ko "waccan". A gaban mutane ko kallonta ba ta yi. Na sani sarai, kuma ban gaya wa lauya ba. Allah ya yafe mini, so nake in gani ko za ta iya kama sunan.

Ranar zama aka shigo da Yaya, ta rame, leɓenta ya bushe. Nayef ya rantse ita ce. Alƙali ya juya ga Inna ya ce, "Hajiya, kin san wannan matar?"

Inna ta kalli bango. "Na san ta."

"Mene ne sunanta?"

Inna ta ci gaba da kallon bango. Hind ta waiwayo ta dube ni, ido waje. Nayef ya yi dariya, ya ce ga shi nan, an ɗauko tsohuwa haya, ko sunan ba ta haddace ba. Alƙali ya ɗauki alƙalami. Nan na ga jirgin nan ƙiri-ƙiri. Na miƙe zan yi bayani, mai gadi ya ce in zauna.

Sai Inna ta juya ta dubi Yaya ido cikin ido.

"Mastura," ta ce. "Mastura ce. Mastura tawa."

Muryarta ta karye. Ta faɗi asibitin da ta haife ta, da tabon ƙuna a bayan gwiwarta ta hagu, da haƙorin da ta karya tana shekara shida. Aka sa wata ma'aikaciya ta duba tabon, ga shi nan. Yaya kuwa ta durƙushe tana kuka kamar yarinya. Alƙali ya ba da umarni a sake ta, ya ce Nayef ya tsaya, akwai magana.

Na yi murna, wallahi na yi. Amma sunana Inna take kira sau hamsin a yini, ban taɓa jin ya fito daga bakinta haka ba.

A mota Inna ta koma gidan jiya, ta kawar da kai tana kallon titi, sai dai hannunta na ƙarƙashin abaya, riƙe da na Yaya gam. Da muka isa gida ta zaunar da ita a kan katifarta, wurin da nake zama.

"Jamilatu," ta ce, ba ta ko dube ni ba, "yalla, maza ɗebo wa waccan ruwa."

Na ɗebo.